Muryar da Na Goge da Hannuna

Shekara tara ke nan cif a wannan makon da aka shigo da gawar yayana Habu cikin Daura a bayan a-kori-kura. Kongolam ya je kai wa wani ɗan kasuwa waƙar bikin 'yarsa, yana dawowa motar shanu ta same shi a kan mashin ɗinsa tun kafin ya kai Mai'adua. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Kowace shekara in lokacin ya zagayo sai in ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai kuma in ajiye, don babu yadda zan ba da labarin Yaya Habu ba tare da na tona wa kaina asiri ba. Bana na gaji da ɓoyo. Ba yabo na zo yi ba, masu yabo sun yi nasu ranar makoki sun watse. Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi waɗanda nake fushi da su, har da ni kaina a ciki.

Duk wanda ya halarci biki a ƙasar Daura shekara goma sha da suka wuce ya ji aikin Yaya Habu, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Wani ɗan shago gare shi a lungun da ya bi ta bayan Kusugu. Shi sitidiyo yake kiransa, mu a gida akurki muke cewa. Ya liƙe bangon da kwalayen ƙwai da guntayen katifa don kada ƙarar babura ta shiga makirfo. Fiyano ɗaya, lasifika biyu, sai wata kwamfuta mai ƙaton kai wadda in ka kunna ta za ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. A wannan akurkin aka haɗa waƙoƙin amare da na 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin manoma, waɗanda har cikin Nijar ake jin su a wuraren shan shayi.

Yaya Habu mai in'ina ne, irin mai nauyin nan da kan sa mutum ya runtse ido kafin kalma ta fito. Tun yana yaro aka yi ta kwaikwayonsa a makaranta, shi ya sa ya girma yana tsumulmular magana. Ba ya ɗaga waya in zai iya kauce mata, sai ya bari ta katse ya aiko da rubutu. A gida amsarsa ba ta wuce "to" da "a'a". Amma in ya buɗe baki zai yi waƙa, babu in'ina ko ɗaya, kamar an canza masa harshe. Ni kaɗai na san haka a gidanmu, don lokacin ina karatun kwamfuta a kwalejin horon malamai, kuma a shagonsa nake buga ayyukan makaranta. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, har Inna mahaifiyarmu. A gida an san dai yana kaɗa fiyano yana danne-dannen kwamfuta, kuma ko wannan ma da ƙyar ake haƙuri da shi.

Ga yadda yake aikinsa. Mawaƙi zai zo da baitoci a takarda, amma babu kari, babu inda za a hau a sauka. Yaya Habu sai ya karɓi takardar, ya ce wa mutumin ya je ya sha shayi. Ya kulle ƙofa, ya haɗa kiɗan, sannan ya rera waƙar gaba ɗaya da bakinsa a kan layi guda a cikin manhajar da yake aiki da ita, don kowane sauti layinsa daban, ganga nata, fiyano nasa, murya nata. In mawaƙin ya dawo sai ya sa masa abin ji a kunne, ya yi ta bin muryar Habu har ya iya. Idan an gama, Yaya Habu sai ya rufe wa layinsa baki, ya fitar da waƙar da muryar wancan kaɗai. Ba ya goge layin, rufe shi kawai yake yi. Sunan da yake sa masa kullum ɗaya ne: "ni". Na taɓa tambayarsa me ya sa yake tara su suna cinye masa wuri, ya ce, "I-i-in ya ɓata gobe, da me zan gy-gyara shi?"

Ranar sadakar uku, Baffa Malam Idi, ƙanen mahaifinmu wanda ya zama babba a gidan tun rasuwar Baba, ya sa aka ɗauko kwamfutar daga shago aka ajiye a zaure. Ya ce duk lokacin da wani ya saurari kiɗan da Habu ya haɗa, nauyi ake ƙara masa a kabari. Ni ba malamar addini ba ce, ba zan sa baki a abin da malamai suka daɗe suna saɓani a kansa ba. Abin da na sani shi ne Baffa ya aika aka kira ni daga cikin mata, idona a kumbure, ya ce, "Ke Zulai, ke kika karanci abin nan. Zauna ki share duk wani abu mai ƙara da ke ciki. Taimakon da ya rage ki yi wa ɗan'uwanki ke nan."

Shekarata ashirin da biyu. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, kuma an ce mini yayana yana shan wuya a ƙarƙashin ƙasa, maganin kuwa yana yatsana. Na zauna. Da a ce na yi aikin ganin ido, na goge abin da ke fili na tashi, da yau ba na wannan rubutu. Amma ni ɗalibar kirki ce. Na sa kwamfutar ta nemo mini duk fayil ɗin da ke ɗauke da sauti a kowane lungu nata, na haɗa su na goge, na zubar da kwandon shara. Sannan, don a tabbata, na kawo wata dabara da aka koya mana a aji makonni biyu kafin nan, mai bi ta kan gurbin abin da aka goge ta shafe shi yadda ba mai iya dawo da shi. Har Baffa ya sa mini albarka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wuyana na ɗaura nawa. Inna tana cikin gida ana yi mata gaisuwa, abin da aka gaya mata kawai shi ne an rufe shagon.

To, me muka share? Waƙoƙin da Baffa yake tsoro suna nan daram. Suna cikin wayoyin mutane, suna wajen masu tura waƙa a bakin kasuwa, ko jiya na ji ɗaya tana tashi daga wani Keke a ƙofar makarantarmu. Ba mu rage ko guda ba daga abin da duniya ke saurare. Abu ɗaya muka hallaka, shi ne abin da ba kowa ke da shi ba, wanda ba a taɓa kunnawa a biki ba, wanda ba mai sauraronsa balle a ce ya ɗauki zunubi: muryar Habu. Shekara goma sha biyu yana rera waƙa shi kaɗai a bayan ƙofa, na share su tsakanin azahar da la'asar.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? Zai tarar kowane saurayi ya zama sitidiyo, yana haɗa waƙa a waya yana kwance a kan tabarma. Zai tarar wani mawaƙi da ya shigo akurkinsa da silifas ɗaure da waya, wanda bai san inda ake numfashi a baiti ba sai da Habu ya rera masa sau goma, yanzu yana yawo a babbar mota yana gaya wa 'yan jarida cewa baiwa ce, ba wanda ya koya masa. Ba zan kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zai kuma tarar cewa lokacin da ɗan Baffa ya tsaya takarar kansila, wannan mawaƙin aka ɗauko ya yi masa waƙa, aka kafa lasifika a ƙofar gidanmu kwana da kwanaki. Baffa yana zaune a kujerar gaba, kuma ban ga ya toshe kunne ba. Na san Yaya Habu, dariyar nan tasa marar sauti zai yi ya girgiza kai. Ni ce ba na iya dariyar.

Da abin ya tsaya a nan, da na ci gaba da haɗiye shi kamar yadda na saba. Inna ce ta tayar da shi. Yanar ido ta rufe mata gani, yanzu da kunne take zaman duniya. Maƙwabciyarmu Hajiya Ladi takan shigo hira, kuma ba ta da aiki sai kunna saƙonnin murya da marigayi mijinta ya bar mata a waya, yana cewa a dafa masa wake, yana faɗan an bar akuya a sake. Wata safiya bayan ta fita, ina shafa wa Inna man zafi a gwiwa, sai ta ce, "Zulai, yanzu kowa mamacinsa yana magana a waya, ni nawa shiru. Ina laluben muryar Habu a kaina, sai in ji ta Babanku ta fito. Kar dai in mutu na manta yadda ɗana yake magana." Na gama shafa man, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Washegari na shiga ɗakin ajiya na jawo kwamfutar daga bayan buhunan gero. Ɓeraye sun yi gida a cikinta har sun yi jikoki. Na kai wa Malam Nura mai gyara, dattijo ne da ya san Habu tun suna sayen kaya tare. Ya buɗe ya leƙa, ya ce, "Malama, wannan ai sai dai a yi mata salla." Amma ya ciro rumbun ajiyarta, ya jona da tasa, kuma cikin ikon Allah ya tashi. Na zauna ina buɗe folda bayan folda, kowace da sunan amarya ko na ɗan kasuwa, kowace wayam. Aikina ya yi kyau, babu abin da ya tsira. Sai can a wani wuri da ba ya ajiye waƙa, tare da takardun neman aikin da bai samu ba, na ga wani ƙaton fayil mai suna "bikin Hadiza ƙunshi". Manhajar tasa tana da wata hanya ta ɗaure aiki gaba ɗaya, kiɗa da muryoyi, a ƙunshi guda, in za a kai shi wani wuri. Wataƙila Kano ya yi niyyar kai shi a tace masa. Da yake ba kamar sauti yake ba a ido, bincikena na ranar nan ya tsallake shi. Shi kaɗai ne, kuma ban san ko akwai layin "ni" a ciki ba.

Ƙunshin ba ya buɗuwa da komai sai da manhajar da ta ɗaure shi, kuma irin ta wancan zamanin. Na nemi mawaƙin nan ko yana da ita, ko yana da wani tsohon aiki na Habu. Yaransa suka ce oga yana taro. Bayan mako guda ya aiko da rubutu, "Allah Ya jiƙan maza," shi ke nan. A akwatin ƙarfen Yaya Habu na samu faifan manhajar, a tsakanin takardun makarantarsa, da lambar shiga rubuce a kai da hannunsa. Na sa a laftof ɗina, laftof ta ce ba ta san wannan tsohuwa ba, ba kuma za ta karɓe ta ba. Na lallaɓa ta ta duk hanyar da na sani, ta ƙi.

Malam Nura ne ya ce sai dai in gina wa tsohuwar ɗakinta a cikin sabon gida. Masu sana'ar suna kiran abin bacuwal mashin: kwamfuta ce ta ƙarya da ake ginawa a cikin ta gaske, a zuba mata tsarin shekarun baya, don tsohuwar manhaja ta shiga ta ɗauka har yanzu zamaninta ne. Abin kunya, shekara shida ina koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, na sha rubuta sunan abin a allo ana kwafa, amma ban taɓa yin sa da hannuna ba. Na fara tsayawa bayan an tashi, a ɗakin kwamfutocin makaranta inda akwai sola, daga ƙarfe biyu har la'asar sakaliya. A gida na ce aikin jarrabawa ne ya yi yawa. Ban gaya wa Inna komai ba, don kada in ɗaga mata rai a banza.

Kwana uku na farko, ɗakin ma ƙin ginuwa ya yi, ashe akwai wani makunni da ke ɓoye can cikin laftof wanda sai an kashe ta an shiga ta ƙofar baya ake kunna shi. Na kunna. Tsohon tsarin ya hau, allon nan mai launin da na sani ya bayyana, har da ɗan kiɗan da kwamfutar Habu take yi in ta farka, sai da na fita waje na sha iska. Manhajar ta shiga, ta karɓi lambar. Na ce Alhamdu lillahi, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ina buɗe ta sai ta ce ba ta ga katin sauti ba. Katin na ƙarya ne, a cikin kwamfutar ƙarya, ita kuwa tsohuwa ba ta yarda da wanda ba ta sani ba. Na canza mata iri uku kafin ta amince da ɗaya, shi ma sai da na nemo masa direba, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, wadda ta girmi wasu ɗalibaina.

Sai babban bala'in. Duk lokacin da na ce ta buɗe ƙunshin, sai ta fara, sandar nan mai nuna inda aiki ya kai ta cika har rabi, sai ta mutu ta ɓace daga allo ba sallama. Na yi kwafin ƙunshin tun farko don kada in lalata shi, amma duk da haka kowace mutuwa sai gabana ya faɗi. Mako biyu ina wannan. Na ƙarar da data ina karanta tsofaffin zaurukan intanet inda wasu mutanen ƙasashen waje suka yi ta cacar baki a kan irin wannan matsala tun ina firamare. Akwai wanda ya kwatanta ciwona daidai, layi bisa layi, sannan a ƙasa ya dawo ya rubuta cewa ya gyara, ya gode, bai faɗi yadda ya yi ba. Ban san shi ba, amma na yi masa Allah Ya isa. A ƙarshe na gane cewa ƙunshin yana neman wani ɗan ƙarin kayan aiki ne mai sa murya amsa-kuwwa, wanda Habu ya ɗora daga baya, ni kuma ba ni da shi. In manhajar ta neme shi ta rasa, sai ta faɗi. Maganin kuwa wani maɓalli ne guda da ake dannewa yayin buɗewa, sai ta riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya, a ɗauko wannan ko a bar shi. Maɓalli guda, mako biyu.

Ranar wata Laraba ya buɗu. Layi shida suka jeru a gabana. Ganga, kalangu, fiyano, muryar mawaƙi, 'yan amshi. Na shida yana can ƙasa, ya yi toka-toka alamar an rufe masa baki, kuma sunansa harafi biyu ne. Na daɗe ina kallonsa hannuna a kan cinya. Da na buɗe shi na rufe sauran, abin da ya fito ƙara ce kamar ana suyar ƙosai, tana yankewa tana dawowa. Na ƙara wa manhajar lokacin da take tara sauti kafin ta sake shi, ƙarar ta lafa. Sai kuma muryar ta fito siririya tana gudu kamar ta yaro, don saurin da aka ɗauke ta da shi daban, wanda katin ƙarya yake karantawa daban. Na daidaita lambobin biyu. Na danna.

Ba zan iya kwatanta muku ba, kuma ba zan gwada ba. Yayana ne, yana yabon wata Hadiza da ban sani ba, yana ce mata ta yi haƙuri da dangin miji. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Bai kai ƙarshen waƙar ba ma, da alama gwaji ne na farko. Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo shi. Sannan na fitar da layin zuwa fayil na yau da kullum, na sa a waya, na sa a filas, na aika wa kaina ta intanet, ni da na iya sharewa yau na koyi adanawa. Da-na-sani ƙeya ce.

Bayan sallar magariba na zauna kusa da Inna a tsakar gida, na ce ina so ta ji wani abu. Na kunna. Ta karkato kai tana saurare, har ta ɗan yi murmushi.

"Wane ne wannan mai zaƙin murya?" ta tambaya.

Uwa ce ba ta gane ɗanta ba, kuma ba laifinta ba ne, mu muka sa ya ɓoye. Waƙar ta ci gaba har inda ya yi kuskure a wani baiti. Sai ya tsaya, aka ji ya ja tsaki, ya ce shi kaɗai, "A-a-a'a, ba-ba haka ba. A s-sake." Nan sautin ya ƙare.

Inna ta damƙi hannuna har sai da na ji zafi. "Habu ne," ta ce. "Wallahi Habu ne. Dama yana waƙa? Dama bakinsa yana sakuwa haka?"

Na ce, "Yana yi, Inna. Duk waƙar da ta fito daga shagon nan shi yake fara rera ta."

"Allah sarki ɗana. To saka mini ta gaba."

"Babu ta gaba, Inna."

"Ba kin ce duka shi yake farawa ba? Ina sauran?"

Ina iya cewa ɓeraye ne. Ina iya cewa Baffa ne, kuma ba ƙarya na yi ba. Shekara tara ina ɗora wa Baffa, ina ɗora wa mawaƙin nan, ina ɗora wa garin da ya ci moriyar Habu bai san sunansa ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Baffa umarni ya bayar, shi ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa ba. Ni na san da layin "ni", ni kaɗai a duniya, kuma ban buɗe baki na ce a bar wannan ba. Na ce, "Ni na goge su, Inna. Ranar sadakar uku, a zaure. Da hannuna." Na faɗa mata komai. Ta saki hannuna a hankali, ta gyara mayafinta.

Masu karatu, ba wa'azi zan yi muku ba, ban kai ba. Amma in kuka yi rashi, kada ku taɓa kayan mamaci da zafin hawaye. Ku rufe ɗakin, ku bari a yi arba'in, ku tambayi wanda ya san abin da ke ciki, ku kuma ba shi damar magana ko da ƙaramin cikinku ne. Abin da aka ajiye ana iya gogewa gobe in an ga ya dace. Wanda aka goge kuwa, na shafe mako bakwai ina gina kwamfuta a cikin kwamfuta, abin da na tsamo bai kai tsawon kiran salla ba.

In aka auna abin da ya rage na Yaya Habu, ga shi. Akwai waƙoƙi a wayoyin mutane da sunayen wasu a kansu. Akwai shago a bayan Kusugu da yanzu ake sayar da abincin kaji a cikinsa. Akwai minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, wanda yawancinsa murya ce da mahaifiyarsa ba ta sani ba, sai 'yan kalmomi a ƙarshe da ita kaɗai take jira. Na lura ba waƙar take saurare ba. Takan bari ta wuce tana jan carbi, sai an kusa wurin tsakin nan ta tsayar da yatsunta, in ya yi in'inarsa ta gyaɗa kai kamar yana gabanta.

Baffa ya ji labari, bai ce komai ba, ni ma ban neme shi da magana ba. Inna kuwa ba ta sake tayar da zancen zaure ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ba ta kuma ce ta yafe mini ba, kuma har yau na kasa roƙa. Kullum da safe in ta gama shan koko sai ta miƙo hannu wajen da take jin motsina, ta ce, "Zulai, kira mini yayanki." Sai in ɗauko wayar in kunna, in zauna a gefenta har ya gama.